Da hannuna na goge shaidata

Har yau idan na tuna da imel ɗin editar nan sai in ji gumi ya tsatsafo mini. Layi uku ne kacal. Ta ce sun ci karo da labarina a intanet, kalma da kalma, ga sunan wata mata a ƙarƙashinsa, don haka tana so in yi mata bayani kafin su san matakin da za su ɗauka. Ni da na kwana uku ina juya jimla ɗaya a cikin labarin nan, yau ni ake tambaya ko nawa ne.

Gajerun labaran bincike nake rubutawa da Turanci ina aika wa mujallun mata, irin waɗanda wani abu zai ɓata, a yi zargin mutum uku, mai karatu ta zauna ta gano mai laifin da kanta kafin ta duba amsa. A shafin Woman's World ta Amurka na fara ganin irinsu. Tun 1981 take fitowa duk mako, kuma labarin binciken da take sakawa a lokacin bai cika wuce kalma 700 ba, a ware amsar daban. Daga baya na saba da The People's Friend ta garin Dundee a Scotland, wadda ke fitowa tun 1869. Labaranta sun fi tsayi, sun fi sanyi, ko laifi aka yi a ciki ba za ki ga jini ba. Su na mayar makarantata. Mujallar da abin ya faru tsakanina da ita ba ta cikin waɗannan, kuma ba zan kama sunanta ba tunda laifin ba nasu ba ne.

Shekara biyu na yi ina aikawa ana dawo mini da su, har labari goma sha ɗaya. Yawancinsu amsa iri ɗaya ce da ake tura wa kowa, a yi haƙuri bai dace da mu ba. Wasu ma ko amsar babu. Sau ɗaya ne wata edita ta ƙara layi da hannunta, ta ce mai laifina daga sama ya faɗo. Na ji haushi a ranar, amma gaskiyarta ce, don a sakin layi na ƙarshe na shigo da shi. Ashe tun 1929 wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera wa masu irin wannan rubutu dokoki goma, kuma ta farkonsu ita ce dole a ambaci mai laifin tun a farkon labari. A cikinsu akwai cewa duk alamar da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu ita, kuma ba a fito da tagwaye bagatatan a ce ai ɗan'uwan ne ya aikata. Wasu dokokin nasa sun tsufa, amma waɗannan har gobe da su editoci ke auna labari, ko sun san sunansa ko ba su sani ba.

A kalma 700 babu wurin shimfiɗa. Ki gabatar da mai bincike, ki faɗi abin da ya ɓata, mutum uku kowa ya yi magana sau ɗaya ko biyu, shi ke nan fili ya ƙare. Duk wahalar tana wajen ajiye alamar. Sai ta zauna a fili ƙiri-ƙiri, amma idon mai karatu ya zame ta kanta. Dabarar da kowa ke fara kamawa ita ce mai laifi ya yi suɓul da baka, ya faɗi launin jakar da babu wanda ya gaya masa. Na yi ta har sau uku kafin in gane editocin nan sun gan ta sun gaji.

Labari na goma sha biyu shi ne na san ya zauna. A shagon ɗinki ne. 'Yan kunnen wata da ta zo gwajin kaya sun ɓata a kan tebur. Ɗaya daga cikin masu ɗinkin ta rantse ba ta tashi daga kan keke ba, tun ɗazu tana kalmasa bakin farar riga. Can a sama, wajen kwatanta shagon, na riga na jefa rabin jimla cewa baƙin zare ne a bakin allurar kekenta, na binne ta tsakanin almakashi da tef ɗin awo da ƙyallayen da suka zube a ƙasa. Wannan rabin jimlar ce na kwana uku a kai. In na matso da ita kusa da maganar rigar sai ta yi ihu, in na nisanta ta sai in ga na cuci mai karatu.

Da na gama, cikin dare, daɗi ya ɗebe ni. Ina cikin wani zauren marubuta a Facebook, buɗaɗɗe ne, kowa na iya shiga ya karanta. Na ɗora labarin gaba ɗaya, na cire amsar kawai, na rubuta a sama cewa in ga mai hankalin da zai gano. Kafin safiya ana ta muhawara a ƙasa, wasu sun kama wannan wasu sun kama waccan, mutum biyu ne kawai suka lura da zaren. Na ji kaina ya yi girma. Washegari na aika wa mujallar, na manta da zancen zaure sam.

Bayan wata biyar amsa ta zo: suna so. Na karanta ta ya fi sau goma. Na kira Yayata ina magana ba ta ma gane abin da nake cewa. Sai ga takardar yarjejeniya, kuma a cikinta akwai sharaɗin da kusan kowace mujalla ke sakawa, cewa na tabbatar labarin nawa ne kuma bai taɓa fitowa ko'ina ba, a takarda ko a intanet. Abin da suke saye ke nan, haƙƙin bugun farko. Suna biya ne don masu karatunsu su zama na farkon gani. Ni kuwa a tunanina bugu sai an kai ga injin ɗab'i, ban taɓa ɗaukar saka abu a zaure a matsayin bugu ba. A wurinsu kuwa duk inda jama'a za su iya shiga su karanta, an buga.

Gabana ya faɗi, na tuna da daren nan. A nan ne na tafka kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo, domin na farkon rashin sani ne, wannan kuwa da idona biyu na yi shi. Maimakon in rubuta wa editar in ce ga abin da ya faru, sai na lallaɓa zauren, na nemo rubutun, na danna gogewa. Ko hotonsa ban ɗauka ba. Na ce a raina wa zai tuna da abin wata biyar, na sa hannu na mayar musu.

Garin neman gira na rasa ido. Ban san cewa tun a makon da na saka shi wata ta kwafe ta ɗora a nata shafin da sunanta ba. Muddin nawa yana nan, duk wanda ya duba kwanan wata zai ga na riga ta da kwana huɗu. Da na goge, nata ya zama shi ne mafi tsufa a intanet. Editoci kuwa ba wahala suke sha ba, jimla ɗaya za su ɗauka su saka a Google. Ina kyautata zaton ma jimlar zaren suka ɗauka, tunda ita ta fi fita daban.

Ranar da imel ɗin ya zo na kira Yaya ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Auta, ke da kike rubuta labarin kama ɓarawo, ke ce kika share sawunki kika bar nasa?"

Na ce, "Yaya, don Allah ba lokacin wasa ba ne."

Ta ce, "Ba wasa nake ba. Ba kin turo mini shi ta imel ba kafin ki saka, kika ce in duba ko zan gano? Ban ma gano ba, na ce mai kayan ce ta ɓoye abinta."

Wallahi na manta da wannan. Ta nemo shi, ga kwanan wata, mako guda kafin na waccan matar, har da tsohon sunan da na fara ba wa labarin. Na tura wa editar, kuma a wannan karon na faɗi komai: na saka a zaure, na ga sharaɗin, na goge, na sa hannu. Rubuta wannan jimla ta ƙarshe ya fi mini rubuta labari goma wuya.

Ta amsa cikin mutunci. Ta yarda nawa ne, amma ba za su iya bugawa ba tunda yana yawo a waje. Sai ta ƙara da abin da har yau yake sukata: da tun farko na faɗa mata, da ta duba ko akwai yadda za a yi. Ba ta ce da sun saya ba, ni ma ban ce ba. Amma ƙofar da take a buɗe ko da ɗan kaɗan ne, ni na rufe ta da dabarata. Kuɗin ya tafi, wannan da sauƙi. Abin da ya fi damuna shi ne sunana ya shiga kunnen edita a karon farko tare da kalmar bayani.

Wata goma sha huɗu na ƙara kafin wata mujallar ta sayi labarina, kuma na san a cikin watannin nan akwai waɗanda ban rubuta komai ba don kunya kawai. Na yi ta karance-karance a kan haƙƙin mallaka kamar mai shirin jarrabawa. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne, wadda ta samo asali a 1886, rubutunki naki ne daga lokacin da kika rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba. To amma mallaka daban, iya nuna shaida daban, ni kuwa shaidar ce na goge. Na kuma gane haƙƙin bugun farko kamar ashana yake, sau ɗaya ake ƙyasta shi. Ni na ƙyasta nawa don mutum ashirin su ce mini sannu da ƙoƙari.

Tun daga nan ba na sa hannu a takarda sai na karanta ta sau biyu, ta biyun da safe. A haka na lura da bambancin mujallar da ke sayen bugun farko, labarin ya dawo hannunki bayan wani lokaci ki sayar a wata ƙasa ko ki tara a littafi, da wadda ke sayen haƙƙin gaba ɗaya, ki rabu da shi har abada. A 2018 da Woman's Weekly ta Ingila, wadda ke fitowa tun 1911, ta koma neman haƙƙin gaba ɗaya, marubuta sun yi ca, wasu suka daina aika mata. Kowa da lissafinsa, ban ga laifin wadda ta karɓa don tana bukatar kuɗin ba. Ni dai ina so in san abin da nake sayarwa kafin in sayar, tunda na taɓa kyautar da shi ban sani ba.

Sauran abubuwan da ake koya ai kowa zai gaya miki. Ki bi adadin kalmomin da suka ce, kar ki ƙara hamsin ki ce ba za a lura ba. Labarin da ya shafi wani lokaci na shekara a tura shi watanni kafin lokacin. Kar ki aika labari ɗaya wuri biyu a tare sai in sun ce sun yarda. Ki riƙe ɗan littafi kina rubuta wanne ya tafi ina, yaushe. Duk ina yi. Amma in wata ta ce mini ta gama labari tana son jin ra'ayin mutane, ba na bari ta kai ƙarshen maganar. Ki tura wa mutum biyu ko uku da kika sani, ta imel, ki ajiye imel ɗin. In kuma kin riga kin saka a fili, kar ki taɓa shi tukuna. Ki ɗauki hotonsa da kwanan watan, sannan ki faɗa wa edita da bakinki kafin ki sa hannu. Wasu sukan ce ai rufaffen zaure ba komai, kuma akwai editocin da ba sa ɗaukarsa bugu. Ni dai ko rufaffen ba na sakawa, don waccan matar ma a cikin zaure take tare da mu, wataƙila har ta yaba mini a daren.

Na kai ƙarar shafin nata, na rubuta mata sau biyu, ba ta tanka ba. Daga baya na gaji na bari. Labarin yana nan har yanzu da sunanta, kuma tunda ban saka amsar ba a daren, ita ma ba ta da ita. Lokaci-lokaci nakan leƙa. Kwanaki na ga wata ta rubuta a ƙasa cewa don Allah a faɗa musu wa ya ɗauki 'yan kunnen, ta gaji da jira. Mai shafin ta amsa mata da cewa ta ƙara tunani. Na rubuta "ku dubi zaren da ke kan keke", na zauna ina kallonsa, sannan na goge ban tura ba.