Gansakukar da nake nomawa a Hotoro

Duk wanda ya leƙo gonata a Hotoro ya ga kwamaye shida cike da ruwa kore shar, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, ina kifin?" Sai in ce babu, ruwan nake nomawa, wato gansakukar da ke cikinsa mai suna sifirulina.

Da kiwon tarwada na fara. Mai wannan sana'a ya san abinci ke cinye jari, don ni kusan kashi biyu cikin uku na kuɗina can yake tafiya. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, duk da Kano ba ta da teku, cikin tarwadata a teku yake ɗaure. Garin kifin da ke cikin abincin waje, da ƙananan kifayen teku ake yin sa, kuma ƙasar Peru ce kan gaba wajen sayar da shi. A 2023 ruwan tekunsu ya ɗumama saboda yanayin da ake kira El Nino, hukuma ta soke kakar kamun farko a babban yankin kamunsu. A shekarar kuma darajar naira ta faɗi. Buhu ya yi tashin gwauron zabo, na sayar da kifina tun bai kai ba.

Wannan asarar ce ta zaunar da ni karatu. Masu binciken teku sun daɗe suna cewa kwashe ƙananan kifaye don ciyar da na kiwo ba hanya ce mai ɗorewa ba, domin su ne abincin manyan kifaye da tsuntsayen teku. Sun kuma nuna cewa tushen abincin teku duka ƙananan tsirran ruwa ne da ido ba ya gani. To, me zai hana a koma tushen? A nan na ci karo da sifirulina, wadda busasshiyarta kusan kashi 60 cikin 100 furotin ce.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Matan Kanembu a Chadi sun gaji tace ta daga tafkunan kanwa, su shanya a kan rairayi, su yanka ta gunduwa-gunduwa su yi miya. Suna kiran ta dihe. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a 1964, daga nan duniya ta waiwayo. Kakannin maƙwabtanmu sun riga ɗakin bincike.

Takardun da na karanta sun ba da haɗin ruwan nomanta da wani mai bincike, Zarrouk, ya tsara a 1966, mai giram 16.8 na bekin soda a kowace lita, ga wasu sinadarai da sai an yi odarsu. Na buga lissafi na ga ba zan fita ba. Sai na tafi Kasuwar Kurmi na sayo kanwa a madadin sodar. Ba a zuba ta kai tsaye, domin akwai ƙasa da datti. Jiƙa ta muke yi a duro ta kwana biyu, mu tsiyaye na sama, mu ƙara gishiri da ɗan takin zamani. Ɗan kaɗan fa. Ranar da yarona ya cika hannu da yuriya, washegari kwami guda ya koma ruwan ɗorawa yana warin fitsari, aikin wata biyu ya tafi. Ban yi masa faɗa ba, don ni ne ban ba shi ma'auni ba. Yanzu komai sai an ɗora a sikeli an rubuta a littafi.

Zafin Kano gata ne ga sifirulina, tana son wajen digiri 35. Hunturu ne abokin gaba: sanyin asuba ya tsayar da girmanta, ƙura ta rufe fuskar ruwa. Shi ya sa muka yi rumfar leda, muka sa filafili mai aiki da sola yana juya ruwan, wanda zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ba.

Girbi da sassafe muke yi. A ɗebo ruwan a zuba a kan ƙyalle mai laushi, ya tsiyaye ya koma kwami, a bar wani abu kamar kwaɓaɓɓen lalle. A matse, a murza shi sirara kamar taliya, a shanya a inuwa. Kafin la'asar yana karyewa ƙaras a hannu.

Ba na yaudarar masu saye. Sifirulina ba ta maye garin kifi gaba ɗaya, ba ta da irin man da kifin teku ke da shi. Wani kaso take ɗauka, tare da waken suya da nake sayowa a Dawanau, kuma ta fi amfani ga 'ya'yan kifi. Wani dattijo da ke ƙyanƙyasa a Kumbotso ya fara da kilo ɗaya yana shakka. Bayan sati uku ya kira ni: "Ɗana, ajiye mini biyar, kada ka ba kowa."

Masu neman ta don sha suna zuwa, ina mayar da su. Sai an gwada ta a ɗakin gwaji an tabbatar babu dalma ko wani guba daga kanwar, an kuma sami rajistar NAFDAC. Kuɗin gwajin nake tarawa yanzu, kwami na bakwai kuma an gama fitar da harsashinsa.