Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da na yar da "wai"

A makon jiya na tsaya a daidai lokacin da aka mayar da ni teburin labaran duniya a gidan rediyon da na yi wa aiki. Niyyata in ɗora daga nan, sai wani abu ya faru cikin makon nan da ya sa dole in tsallake shekaru, in ɗauko wani dare na 2003 da na daɗe ina kauce wa rubuta shi.

'Yata ce ta zo ta zauna kusa da ni da wayarta a hannu, tana murmushi. Ta ce, "Baba, saurari wannan." Ta danna, sai ga muryata tana karanta labari. Tawa ce sak, har da yadda nake jan numfashi kafin in ambaci sunan ƙasa. Amma labarin ban taɓa karanta shi ba a rayuwata. Ashe wani tsohon shirina ta samu, ta ba wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ɗan guntu daga ciki, manhajar ta kwaikwayi muryar, ita kuma ta rubuta mata abin da za ta faɗa. Don ta faranta mini rai ta yi. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin na san abin da ake nufi da a ari muryar mutum a faɗi abin da ba a tabbatar ba. Na taɓa ba da aron tawa da kaina.

Ranar 5 ga Fabrairu, 2003, Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka, ya yi jawabi na fiye da sa'a guda a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya nuna hotunan tauraron ɗan'adam, ya kunna maganganun jami'an sojan Iraƙi da aka naɗa a ɓoye, ya ɗaga wata 'yar ƙaramar kwalba don a gane yadda ɗan kaɗan na ƙwayar cuta zai iya hallaka jama'a. Abin da yake so duniya ta yarda da shi shi ne Saddam Hussein, shugaban Iraƙi na lokacin, yana ɓoye makaman ƙare dangi. Ni aka miƙa wa jawabin in taƙaita, in mayar da shi Hausa, in karanta a labaran dare. Minti uku aka ba ni.

Na rubuta, na auna da agogo, ya zarce. Sai na fara yanka. Abin da ya fi sauƙin yankewa shi ne ƙananan kalmomi: "in ji shi", "a cewar Amurka", "wai". A sakin layi na farko na bar su. A na biyu da na uku na cire, na ce ai mai sauraro ya riga ya san wanda ke magana. Da haka "wai Iraƙi tana da ɗakunan haɗa guba a kan manyan motoci" ya koma "Iraƙi tana da ɗakunan haɗa guba a kan manyan motoci". Na karanta da murya mai nauyi, irin wadda mutane suka saba gaskatawa.

Da na fito daga ɗakin watsa shiri, wani dattijo da ya girme ni a aikin da kusan shekara ashirin yana tsaye a bakin ƙofa. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ina ka kai 'wai' ɗin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lokaci ne ya ƙure." Ya ce, "To wanda ya kunna rediyo a tsakiyar labarin fa, me ya ji?" Ban sami amsa ba.

Kwana tara bayan haka Hans Blix, shugaban masu binciken makamai na Majalisar, ya shaida wa kwamitin cewa mutanensa ba su ga irin waɗannan makamai ba. Washegari miliyoyin mutane suka fito zanga-zanga a Landan da Rum da Madrid da wasu biranen. Duk da haka ranar 20 ga Maris aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. A 2004 ayarin binciken da Amurka da ƙawayenta suka kafa da kansu ya ba da rahoto cewa babu tarin makaman da aka ce. A 2005 Powell da bakinsa ya ce jawabin nan tabo ne a tarihinsa. Na san minti ukuna ba su ne suka tayar da yaƙi ba. Amma akwai mutanen da suka kwana a daren nan suna ganin magana ta tabbata, saboda ni na faɗa musu haka. Wannan nauyin nawa ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Shi ya sa tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi a rubuce, ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022 nake bin lamarin da kunne biyu. Ba na cikin masu raina fasahar. Na gwada ta da fassara, ta yi cikin daƙiƙa abin da nake shafe rabin yini a kai, wani lokaci ma ta samo kalmar da ta fi tawa dacewa. Ɗalibin da ba shi da malami a kusa, ko mai jinyar da bai gane takardar asibiti ba, za su amfana, kuma ina murna da hakan. Abin da ke damuna shi ne yadda take aiki. An cika ta da rubuce-rubuce masu yawan da ba mai iya karance su, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wace. Abin da aka tabbatar da abin da aka ji a bakin hanya duk da murya ɗaya take fitar da su, a natse, ba gargada. Kuskuren da na yi sau ɗaya saboda agogo, ita a jikinta yake. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da manhajar ta ƙirƙira, har da sunaye da lambobi, alhali ba a taɓa yin shari'un ba.

Idan aka haɗa wannan da siyasa, sai abin ya zama gobara a lokacin iska. A Maris 2022 aka yaɗa bidiyon bogi na shugaban Ukraine Volodymyr Zelensky yana umartar sojojin ƙasarsa su ajiye makamai. A Janairu 2024 aka riƙa kiran mutanen jihar New Hampshire ta Amurka ta waya da muryar da aka kwaikwaya ta shugaban ƙasar na lokacin, Joe Biden, ana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani. Waɗannan an gano su da wuri. Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗaya gefen. Yanzu duk mai laifi ya sami mafaka. A nuna bidiyo na gaskiya daga Gaza, ko daga Sudan inda ake yaƙi tun Afrilu 2023, uwa tana riƙe da gawar ɗanta, sai wani ya ce ai na'ura ce ta haɗa, ya wuce abinsa. A da maƙaryaci sai ya sha wahala kafin a yarda da shi. Yau mai gaskiya ne ke shan wahalar.

Shugabannin duniya kuwa hankalinsu na kan tsere. A Nuwamba 2023 ƙasashe 28 suka hallara a Bletchley Park da ke Ingila, har da Amurka da Sin, suka sa hannu cewa akwai haɗari a wannan fasaha kuma za a yi aiki tare. Na yi farin ciki a lokacin. Da aka zo taron Paris a Fabrairu 2025, Amurka da Birtaniya suka ƙi sa hannu a sanarwar ƙarshe. Kafin nan Donald Trump ya soke umarnin da Biden ya kafa kan sa ido a fasahar, tun a ranar da ya koma mulki. Amurka tana hana sayar wa Sin mafi ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wani kamfanin Sin kuma ya fito da manhajar DeepSeek, kishiyar ChatGPT, ta girgiza kasuwar hannun jari a yini ɗaya. Kowa cewa yake in na tsaya abokin hamayya zai wuce ni. Irin wannan gaggawar na gani a 2003, lokacin da aka ce ba za a jira masu bincike su gama ba.

A cikin duk abin da aka yi, wanda na fi goyon baya shi ne wani sashe na dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki a Agusta 2024, wanda ya ce duk hoto ko murya ko bidiyon da aka haɗa don ya yi kama da na gaske dole a bayyana cewa haɗawa aka yi. Ga ni, "wai" ɗin nan ne aka mayar doka. Ba zai hana mugu yin mugunta ba, amma zai sa a sami wanda za a tsare a bakin ƙofa a tambaya, kamar yadda aka tsare ni.

Na ba 'yata wannan labari duka, karo na farko. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, in goge?" Na ce ta goge, ta kuma tabbatar babu inda muryar ta saura. Ta ce a wayarta za ta iya, amma abin da ya riga ya shiga kwamfutocin kamfanin ba a hannunta yake ba. Muka zauna tare tana neman inda ake rubuta musu buƙata, ni ina faɗa mata abin da za ta rubuta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma inda na tsaya, in faɗi yadda dattijon nan ya zaunar da ni wata shida ina duba rubutun wasu kafin ya yarda in sake karanta labaran dare.