Ranar da Na Kai Baba Cikin Waverley

Asabar, da dare.

Sha ɗaya ta wuce, amma har yanzu akwai ɗan sauran haske a gefen sama, irin na watan Yuli a nan Sikotland. Baba ya kwanta. Ƙafafuna ciwo suke yi, gashina na warin gishirin teku da baƙin mai, kuma ba na son in yi barci ban rubuta yinin nan ba.

Mako uku ke nan da zuwan Baba Glasgow, kuma tun da ya zo ban ga abin da ya burge shi ba. Na kai shi manyan kantuna, ya ce sun yi kyau. Na kai shi jami'a, ya ce Allah ya sa albarka. Kullum yana zaune bakin taga da carbi da rediyonsa, yana ƙirga kwanakin komawa Zariya. Shi ya sa na sayi tikitin Waverley ban gaya masa ko mene ne ba. Cewa kawai na yi za mu shiga jirgin ruwa. Ya ce, "Uwata, ni da ruwa sai dai alwala." Sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kiran sunana ba.

Mun fito da wuri, da filas ɗin shayi, da cincin, da dardumar salla, da rigunan sanyi biyu, domin ranin nan ba abin yarda ba ne. Jirgin yana tsaye a gaɓar kogin Clyde, kusa da cibiyar kimiyya. Tun daga nesa ake hango bututun hayaƙinsa biyu, ja da fari da baƙi, sun ɗan kwanta baya. A kowane gefe akwai wani babban rufi mai siffar rabin wata, a cikinsa ƙafar filafilai take. Ba shi da farfela a baya kamar sauran jirage. Waɗannan ƙafafu biyu ne ke dukan ruwa su tura shi. A duk duniya shi kaɗai ya rage cikin irinsa da ke ɗaukar fasinja ya fita teku.

Muna cikin layi aka busa usur ɗin jirgin. Baba ya tsaya cak. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Wannan ai tururi ne." Na ce masa e. Bai ƙara cewa komai ba, sai dai na ga ya ƙara sauri.

Baba yana saurayi ya shiga aikin reluwe a loko ta Zariya, lokacin da kawunan jirgi masu cin kwal ɗin Inugu ke jan kaya zuwa Kano da Gusau. Ya fara da goge inji, ya zama fayaman mai zuba wa inji kwal, kafin dizal ya zo ya kore su gaba ɗaya. Muna yara ya sha ba mu labarin, mu kuwa muna jinsa kamar tatsuniya, don ba mu taɓa ganin injin tururi yana motsi ba.

Wajen ƙarfe goma aka kwance igiyoyi. Na so mu zauna a sama mu ga gari, shi kuwa ƙasa yake nema. Na roƙe shi ya ba ni rabin awa. Da muka zo daidai inda kogin Kelvin ke shiga Clyde, mai bayani a lasifika ya ce mu dubi dama: inda gidan tarihin sufuri yake yanzu, nan ne filin kamfanin A. & J. Inglis, inda aka ƙera jirgin aka tura shi ruwa a 1946. Ya fara ɗaukar fasinja a watan Yunin 1947. An yi shi ne a madadin wani mai irin sunansa da jiragen yaƙin Jamus suka nutsar a 1940, lokacin kwashe sojoji daga Dunkirk ta Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. Baba ya yi lissafi da yatsu, ya ce, "Ashe yayana ne."

Kogin nan duk kufai ne na aiki. A Clydebank mun wuce wani ƙaton injin ɗaga kaya na ƙarfe da aka kafa a 1907, yana tsaye shi kaɗai, alhali a gindinsa aka ƙera manyan jirage irin su Queen Mary da Queen Elizabeth. Yanzu kwaleji ce da gidaje a wurin. Muka bi ta ƙarƙashin gadar Erskine, muka wuce dutsen Dumbarton mai kai biyu. Daga nan haƙurin Baba ya ƙare, muka sauka.

Ba a ɓoye injin ba. A tsakiyar jirgin yake, a buɗe, da hanya a kowane gefe da ƙarfen dafawa, kowa na iya tsayawa ya kalla. Zafi ne ya fara tarbarmu, sai warin mai da ɗumin ƙarfe. Hannuwan ƙarfe uku, kowanne ya fi ni kauri, suna tashi suna faɗawa bi da bi, suna sheƙi kamar an wanke su da toka. Ba ya ihu irin na injin dizal. Wani numfashi yake yi mai nauyi, da bugu a hankali wanda ake ji a tafin ƙafa kafin kunne.

Baba ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ya daɗe bai yi magana ba. Da ya buɗe baki, sai ya zama malamina. Ya nuna mini cewa tururi ɗaya ne ake sa shi aiki sau uku: ya fito daga tukunya da ƙarfinsa ya shiga ƙaramar silinda, ya fita ya shiga matsakaiciya, ya ƙare a babba, sannan a sanyaya shi ya koma ruwa a mayar tukunya. Ya ce na reluwe da ya sani sau ɗaya suke amfani da shi su watsar ta bututu, shi ya sa suke tsayawa shan ruwa a tashoshi. "Nan ba a ɓarna," in ji shi. Akwai allon tagulla da ke ɗauke da sunan maƙeran injin, Rankin & Blackmore na garin Greenock. Ƙarfin doki 2,100 gare shi. Da kwal ya fara, aka mayar da shi mai a 1957.

Muna kusa da Greenock ƙararrawa ta kaɗa, allurar da ke kawo umarnin kyaftin ta motsa. Injiniyan ya ja wani hannu, ƙarafan nan suka rage gudu, suka tsaya, sannan suka juya baya. Baba ya yi murmushin da rabona da ganinsa tun rasuwar Inna. Wani matashin ma'aikaci da ke zagayawa da butar mai ya lura da shi. Baba ya taɓa bayan hannunsa ya nuna wani mahaɗin ƙarfe, yaron ya yi dariya ya gyaɗa kai. Daga baya Baba ya ce mini haka ake gane ko mahaɗi ya yi zafi, da bayan hannu, inji na tafe. Suka ɗan yi hira, Turancin Baba na tsofaffin ma'aikata, na yaron kuwa na Glasgow wanda ni ma sai na kasa kunne, amma ban ga sun nemi tafinta ba. Baba ya gaya masa wasu daga cikin kawunan jirgin da suka yi aiki a Najeriya a Glasgow aka ƙera su, a kamfanin North British. Ban taɓa sanin haka ba. Shekara huɗu ina zaune a garin da sunansa ke manne a jikin injinan da suka ciyar da gidanmu.

Akwai ƙananan tagogi a gefe inda ake ganin filafilan katako suna dukan ruwa, kumfa na fallatsa. Ƙafafun biyu a kan sanda ɗaya suke, ba a iya juya ɗaya gaba ɗaya baya, don haka jirgin ba ya juyawa a ƙaramin wuri. Kowace tsayawa aiki ce ta gwaninta: a jefa siririyar igiya, na tudu su cafe su jawo babbar, a ɗaure, a ja.

Bayan Greenock kogin ya buɗe ya zama teku. Na samu na fito da Baba sama da shayi. Duwatsu kore shar a dama, farar hasumiyar fitila ta Cloch a hagu, iska mai sanyi tana kaɗa babbar rigarsa. Kusa da mu wata tsohuwa ce da jikokinta. Ta ce tana yarinya, idan hutun watan Yuli ya zo aka rufe masana'antu, duk Glasgow kan kwashe ta gangara ruwa zuwa Dunoon da Rothesay, jirage irin wannan suna tsere wa zai riga isa. Sai motoci suka yawaita, jirgin sama ya yi araha, mutane suka koma Sifen neman rana. Jiragen suka tafi ɗaya bayan ɗaya wurin masu yanka ƙarfe.

Ita ce ta ba mu labarin fam ɗaya. Bayan kakar 1973 kamfanin da ke da jirgin ya ga ba zai iya da kuɗin gyaransa ba, sai a 1974 ya sayar wa ƙungiyar masu son adana irin waɗannan jirage a kan fam ɗaya tak. A 2019 tukunyar tururinsa ta gaza, bai yi tafiya ba duk shekarar. Aka nemi fam miliyan 2.3, jama'a suka yi karo-karo, gwamnatin Sikotland ta sa hannu, ya dawo ruwa a 2020. Ta ce ita ma ta ba da nata daga kuɗin fansho. Na fassara wa Baba abin da bai ji ba. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ya san inda injinansu suka ƙare, ciyawa ta fito ta cikin tukwanensu. Ni dai raina ya sosu. Ban yarda cewa talauci ne kaɗai ya hana mu ajiye ko guda ɗaya yana numfashi ba. Waɗanda suka san hannunsa suna nan da rai, ga ɗaya yana shan shayi kusa da ni, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi komai.

Da rana muka isa Rothesay a tsibirin Bute. Jirgin zai ci gaba ya bi ta matsatsin ruwan da ke bayan tsibirin zuwa Tighnabruaich, ya dawo ya ɗebe mu. Na so ganin wurin, amma likita ya ce Baba ya riƙa tafiya a ƙasa, sai muka sauka. Muka tsaya har ya tashi. Ko da ya yi nisa ana jin bugun filafilansa a kan ruwa kamar ana daka a wata unguwa.

A bakin tashar akwai banɗakin maza na 1899 wanda aka adana da tayil ɗinsa da bututun tagulla. Baba ya shiga, ya fito yana mamakin yadda har wannan aka riƙe. Muka zagaya tsohuwar fadar garin, ginin dutse mai da'ira wanda ruwa ya kewaye, tun ƙarni na 13. A wani titi muka ji an yi mana sallama. Wani Balarabe ne ɗan Siriya, cikin iyalan da aka kawo tsibirin tun ƙarshen 2015. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya nuna mana alƙibla.

Daga nan muka kama hanyar gaɓa zuwa Port Bannatyne, kimanin mil biyu. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, teku a dama, tsofaffin gidajen dutse masu lambu a hagu. Ruwa ya janye, ya bar duwatsu da ciyawar teku mai santsi da wani wari mai kama da na bakin dam da rani. Wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, Baba ya ce ko ina aka je halinsa ɗaya. Muna tafe muna hutawa a kan benci. Yawancinsu da ƙaramin allo ɗauke da sunan wani mamaci da ya so zama a wurin, kuma Baba bai wuce ko ɗaya ba sai ya sa na karanta masa. Yayyafi ya sauko na minti kaɗan, ya ɗauke, rana ta fito, duwatsun ƙetare suka canza launi a gabanmu.

A wani fili mai ciyawa muka shimfiɗa darduma muka haɗa azahar da la'asar. Da muka sallame bai tashi ba. Yana kallon ruwa ya fara ba ni labarin daren da suka taso daga Kaduna da damina, kwal ya jiƙe, wuta na neman mutuwa, shi da direbansa suka yi ta fama har asuba. Ya faɗi sunayen abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowanne addu'a. Biyu kawai suka rage. Na kunna wayata na ɗauki muryarsa, da izininsa. Minti arba'in muka samu.

Port Bannatyne ƙaramin ƙauye ne a bakin wani lungun teku, da ƙananan jirage masu tafiya da iska a ɗaure. Ba mu daɗe ba. Muka ci kifi da dankali a takarda, muka hau bas muka koma.

Waverley ya shigo da yamma, rana na dukan bututunsa, mutanen da ke tudu suna ɗaga masa hannu, har waɗanda ba shiga za su yi ba. A dawowa ban ko tambayi Baba inda zai zauna ba. Na bar shi wurin injin, na hau sama ni kaɗai na kalli fitilun Greenock da gadar Erskine suna matsowa. Da na sauko na tarar an kawo masa kujera.

Da za mu fita ya tsaya wurin akwatin taimako, ya laluba aljihu ya ciro fam ashirin ɗin da na ba shi tun ranar da ya sauka, wadda ya ƙi kashewa, ya saka. A mota ya tambaye ni ko jirgin na fita ranar Talata. Na duba, yana fita, amma daga wani gari. Gobe zan nemi wadda za ta canza aiki da ni.