Sati uku ina jiran dokin katako a cikin Iliyad

Wallahi har yanzu in na tuna haushi nake ji. Sati uku cur na yi ina karanta Iliyad, tsohuwar waƙar yaƙin Turoi ta Homa mawaƙin Girkawa, a waya, kullum bayan isha'i, kuma abu ɗaya kawai nake jira, wato inda Girkawa za su shigar da dokin katakon nan cikin birnin Turoi. Tun ina yaro na san labarin, a zatona shi ne ƙarshen waƙar. Shi ya sa gudu kawai nake yi, in an tsaya dogon jawabi in ja shafi, in mace ta fara kuka in wuce, ni dai a kai ni wajen doki. Sai babi na 24 ya ƙare da jana'izar Hekta, jarumin Turoi, shi ke nan fa. Ba doki, birni bai faɗi ba, Akilis jarumin Girkawa ma da ransa balle a yi zancen kibiyar da ta kashe shi a diddige. Na ɗauka shafin ne bai gama buɗewa ba, na sake sayen data na sauke wani kwafin, shi ma nan ya tsaya.

Ashe waƙar nan mai layi sama da 15,000 ba tarihin yaƙin gaba ɗaya ba ce, 'yan makonni ne cikin shekara ta goma, kuma tun layin farko mawaƙin ya faɗa, fushin Akilis zai waƙe. Agamemnon shugaban rundunar Girkawa ya ƙwace masa kuyangarsa Birisis, shi kuwa Akilis ya yi zuciya ya ajiye makami, bai koma fagen fama ba sai da Hekta ya kashe amininsa Fatrokulus. Dokin a Odisi, ɗaya waƙar ta Homa, ake ba da labarinsa, babi na 8, makahon mawaƙi na rerawa Odisiyus, ɗaya daga jaruman Girkawan, na zaune yana hawaye.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abubuwan da na tsallake saboda dokin nan. Da na koma na sake daga farko, a babi na 6 na tarar da Hekta yana sallama da matarsa Andiromaki, ya miƙa hannu zai ɗauki ɗansu yaron ya tsorata da gashin dokin da ke lilo a kan kwalkwalinsa ya ƙanƙame mai renonsa, sai uban ya yi dariya ya cire kwalkwalin ya ajiye a ƙasa sannan ya ɗauke shi. Wannan na wuce a karon farko kamar ban gani ba! Haka inda tsoho Firiyam, sarkin Turoi mahaifin Hekta, ya shiga sansanin abokan gaba cikin dare, ya durƙusa ya sumbaci hannun Akilis da ya kashe masa ɗa yana roƙon a ba shi gawa. Ajiye wayar na yi na ɗan jima shiru.

Daga baya na karanta yadda wani Bajamushe, Shiliman, ya haƙa tudun Hisarlik a Turkiyya, inda ake ganin nan Turoi take, a shekarun 1870, yana sauri ya kai ga birnin Firiyam ya yanke ta cikin garuruwan da aka gina wani kan wani ya lalata da yawa, zinariyar da ya tono a 1873 kuma ta girmi zamanin yaƙin da sama da shekara 1,000. Na gane irin gaggawar sarai.

In za ka fara, ka duba fassarar da ka sauke, tsofaffin na Turanci da ake samu kyauta da yawansu sunayen Romawa suke sa wa, Yulisis a maimakon Odisiyus, zai rikita ka. Kuma kar maimaicin nan ya gundure ka, Akilis mai saurin ƙafa, Akilis mai saurin ƙafa, kirari ne, waƙar baka ce da ake rerawa gaban jama'a, kunnen Bahaushe ya san wannan. Amma dai ka cire dokin daga ranka tun shafin farko. Layin ƙarshe na waƙar ma kirarin mamacin ne, Hekta mai horar da dawakai, ni kuwa a karon farko ko lura ban yi da shi ba.