Godiya ga duk wanda ya sa hannu a tafiyarmu ta Maraɗi

Salama a gare ku ƴan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Tun ranar Lahadi da aka yi mana addu'ar sallama nake so in rubuta wannan saƙon, in nace zan bi kowa gida gida ba zan gama ba kafin mu tashi, shi yasa nace bari in zuba anan kowa ya gani, wanda baya Facebook kuma dan Allah ƴaƴansa su karanta mishi.

Ga wanda basu da labari, wata ikilisiya ce a wajen garin Maraɗi can Nijar take riƙe da yara marayu, suka rubuto suna neman masu zuwa su taya su, gyaran ɗakunan kwana da ruwan sama ya lalata musu tun ambaliyan 2024, duba lafiyan yaran, da kuma koyarwa lokacin hutu. A cikinmu akwai malaman makarantar Lahadi, nas, birkila da tela, ni kuma ɓangaren ƴan mata aka bani.

Baba Fasto da dattawa, mun gode. Kun zauna a kan maganan nan kun auna ta kafin kuka yarda, har wasu cikinmu suka fara ƙosawa, amma tambayoyin da kuka yi mana, wa zai karɓe ku, ina zaku kwana, wa zai riƙe kuɗi, su ne suka sa yau hankalinmu a kwance yake. Baiko na musamman da kuka amince a karɓa shi ya biya mana fasfo da kuɗin mota.

Zumuntar Mata kam ban san ta ina zan fara ba. Iyayenmu, kun soya ƙuli, kun matse man gyaɗa, kun daka yaji da kuka da daddawa, wasu har dare suna kan keke suna ɗinka ƙananan riguna da ragowar atamfa. Akwai wata Mama, ba zan kama suna ba don nasan bata so, ita kanta jikoki take riƙe tun rasuwan ɗanta, ta kawo takalman makaranta da suka musu kaɗan ta wanke su tas ta ɗaura su bibbiyu da zare don kar su ɓace. Da ta miƙo min sai ta riƙe hannuna tace, "Ƴata, in kun je kar ku jera yaran nan kuna raba musu kaya ana ɗaukan hoto, ku miƙa wa masu riƙonsu su basu a ɗaki. Kuma kar ki ce wa yaro zan dawo in baki tabbata ba, maraya baya manta alkawari." Na kai maganan nan gaban mitin ɗinmu, kuma mun ɗauke ta a matsayin doka, don haka wanda suke cewa mu turo hotuna da yawa ku yi haƙuri, zaku ga gini da aiki amma fuskan yara sai da izinin masu gidan. Mama, Allah ya raya miki jikokin nan ki ci moriyarsu.

Matasa da ƴan kwaya, ku da kuka yi wankin mota a Tumfure nan Gombe rana na dukanku kuka kawo kuɗin ba ku cire ko na ruwan sha ba, Ubangiji ya buɗa muku hanyan aiki. Ƴan'uwa na gida, Kaltungo, Billiri da ƙauyuka da kuka aiko masara da wake da gyaɗa a wannan tsadan, mun gani mun gode. Bari in yi bayani don kar wani ya ji an sayar da hatsinsa ransa ya ɓaci: ƙetare boda da buhuna wahala ne ga kuɗin mota, shi yasa dattawa suka ce a sayar a kasuwan Tudun Hatsi a canza kuɗin zuwa sefa mu sayi gero a kasuwan Maraɗi, dama gero ne abincinsu can, fura da tuwo, kuma manomin can shima ya samu ciniki. Anan dole in gode wa maƙwabcinmu Alhaji, musulmi ne, shi ya tsaya aka sayar da daraja bai karɓi ko sisi na la'ada ba, ya kuma haɗa mu da ɗan'uwansa a can wanda zai tare mu a tasha. Da na mishi godiya cewa yayi, maraya na kowa ne. Alhaji Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci.

Nas ɗinmu ta sha fama damu kan alluran shawara da katin yalo, wato shaidan an yi alluran, da ake tambaya a boda, ta kuma nace sai mun yi na sanƙarau tunda yankin in zafi ya shigo cutan na yawa. Ta koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari, da yadda zaka gane yaron da zazzaɓi ya kai a ruga dashi asibiti. Sai Baba malamin Faransanci mai ritaya da yake zama damu da yamma kyauta, don duk da yaran Hausa suke ji, har ma a 2025 gwamnatinsu ta ce Hausa ce harshen ƙasa, karatun boko ɗinsu da Faransanci suka taso dashi, shi ya ce mana kar mu kwashi littattafan Turanci mu kai musu, mu sayi nasu a can.

Yanzu maganan da ta fi tsaya min a rai. Mutane da dama sun tambaye ni, wasu a fili wasu a gefe, cewa marayu sun ƙare ne a Gombe da zaku tafi wata ƙasa? Ban ji haushi ba ko kaɗan, tambaya ce ta gaskiya, mu da muka karɓi ƴan gudun hijira daga Borno da Yobe da Adamawa mun san yawan yaran da rikici ya bari ba uba ba uwa, suna nan a unguwanninmu har a benci ɗaya muke zama dasu a coci. Asusun marayu da gwauraye na ikilisiya ba a taɓa ko naira ɗaya a ciki ba don wannan tafiyan, kuma kuɗin makarantan da ake biya wa na gida yana nan yadda yake. Amma ƴan'uwa ku tuna, a 1917 da John Hall da Gordon Beacham na ƙungiyar mishan ta SIM suka iso Kaltungo, ƙasarsu ma akwai mabukata, da sun ce sai sun gama da na gida da kakanninmu basu ji bishara ba a lokacin, balle makaranta da asibiti da suka biyo baya. Iyayenmu kuma basu tsaya karɓa kawai ba, tun 1948 aka kafa abin da yau muke kira EMS, ƙungiyarmu ta aika masu bishara, manoma talakawa suna tara kwabo kwabo suna aika nasu masu bishara, tun kafin a kafa ita kanta ikilisiyar ECWA a 1954. Nijar ɗin ma ba baƙon wuri bane a wannan aikin, asibitin SIM da ke Galmi tun 1950 yake karɓan marasa lafiya. Kiristan can kaɗan ne sosai, ikilisiya ƙarama ce take ɗauke da yaran nan da ɗan abin da take dashi, mu kuma Allah ya bamu yawa ga harshe ɗaya, yaro zai gaya min inda yake mishi ciwo in ji ba tafinta. Yakubu 1:27 da Baba Fasto yayi wa'azi a kai bai ce marayun garinku kaɗai ba. Wanda suka yi tambayan nan ma ina gode muku, wasunku bayan mun yi magana su suka fi kowa bayarwa.

Maigida, na gode da ka sake ni da zuciya ɗaya. Surukata Mama da zata riƙe min yara, da ƙanwata da zata kula da shago, Allah ya saka muku.

Abin da ya rage addu'a ne. Zamu bi ta Kano da Katsina mu fita ta Jibiya, kowa ya san halin da hanyan nan take ciki, da rana kawai zamu yi tafiya, ku roƙa mana tsaro da tagomashi wajen jami'an boda na ɓangare biyu, da lafiyan jiki, da haƙuri da junanmu. Ku sa masu riƙon yaran a addu'a suma, su ne zasu ci gaba da aikin bayan mun juyo.

Ma'aji zai karanta lissafin duk abin da ya shigo da yadda aka kashe ranar Lahadi bayan sujada ta biyu, za a kuma manna a allon sanarwa. Har yanzu muna karɓan gidan sauro, sabulu, audugan mata da silifas na yara a ofishin coci zuwa ranar Laraba kafin addu'ar yamma, magani kam dan Allah sai wanda nas ta rubuta. Ubangiji ya sa muku albarka duka, Amin.