Ni Arsenal, ɗana Madrid

Uwargida ta ce kalanda biyu ake aiki da su a gidanmu: na Musulunci da ke rataye a bango, da na Arsenal da ke cikin kaina. Ban musa ba. In aka sa ranar suna ko ɗaurin aure, kafin in ce "Allah ya kai mu" na riga na lissafa da wa za mu kara ranar.

Ni tela ne, shagona na Sabon Gari nan Maradi. Ciwon ya kama ni tun ina yaron shago, zamanin Kanu da Henry. A kakar 2003/2004 wasa 38 muka buga a gasar Firimiya ta Ingila ba wanda ya kai mu ƙasa, har na ɗauka haka duniya za ta yi ta tafiya. Sai ga 2006 a Faris, wasan ƙarshe na kofin Turai da Barcelona: jan kati ga golanmu Lehmann tun minti na 18, Campbell ya ci mana da ka, Eto'o ya rama, Belletti ya ƙarasa mu. Daren nan da ƙafa na tako har gida. Sai da asuba na tuna kekena na jingine a ƙofar gidan kallo.

Yanzu 'ya'ya huɗu gare ni, kallon balo ya zama sai da dabara. Dala ashirin ta shiga gidan kallo ba komai ba ce, amma sai an fidda na cefane da na kabu-kabun da ke kai 'yan mata lekol. In sallah ta matso kuwa, waya nake jinginawa a jikin keken ɗinki, ido ɗaya a allura, ɗaya a fili. Na taɓa zarce wuyan rigar wani Alhaji da almakashi saboda fenariti. Shaddar ni na biya, fenaritin kuma aka ɓarar.

Babban ɗana sunan mahaifina gare shi, Abba muke ce masa, shi ya sa ko tsawa ba na iya yi masa yadda ya kamata. Tun yana rarrafe na saya masa jar riga. Yaro ya yi wayo, ya koma Madrid. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Baba, mu kofin Turai 15 gare mu. Ku nawa?" Na ce ya tashi ya ɗauko littafinsa.

Dokar gidana, wasan daren Talata da Laraba ba na yara ba ne. Ranar 8 ga Afrilu 2025 ni da kaina na karya ta, don Arsenal ce da Madrid a kofin Turai. Ƙaramar sallah ba ta daɗe da wucewa ba, aljihu da ɗan nauyi. Muka yi isha'i a masallacin unguwa, muka tarar an riga an fara. Zafin bazara, rumfar kwano, mutane kamar a kasuwa, an ɗauke kuran sai gurup ke ta ruri a bayanmu. Rabin farko ba ci. Bayan hutu Declan Rice, wanda bai taɓa cin bugun tazara kai tsaye ba tunda ya fara sana'ar, ya ci biyu cikin minti 12. Merino ya ƙara ta uku. Ban san lokacin da na hau benci ba, hulata ma wani ya tsinto mini.

Da na sauko na waiwaya, Abba ya cusa kansa cikin farar rigarsa, kafaɗunsa na rawa. Mako guda ina tanadin baƙar maganar da zan yaɓa masa, duk na haɗiye. A hanya na tsaya wurin mai tsire na saya masa na dala arba'in. Ya ci tsinke biyu shiru, sannan ya ce, "Baba, ai saura Bernabeu."

Wasan Bernabeu, wato karo na biyu a filin Madrid, uwarsa ta hana shi zuwa, ni ma ban sa baki ba. Muka sake cin su 2-1. Na shigo gida wajen sha ɗaya saura, ina ɗaga ƙafa a hankali. Yana kwance kan tabarma a tsakar gida, ya rufe ido kamar mai barci. Har na kai ƙofar ɗaki na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, nawa-nawa?"

Na ce, "Vinicius ɗinku ya ci ɗaya. Yi barci, gobe akwai lekol."