Akbar Ganji ɗan gida ne

Ɗazu da rana wani abokina ya turo mini hoton ɗan jaridar Iran Akbar Ganji na 2005, lokacin da yake yajin cin abinci a kurkukun Evin da ke Tehran. Wallahi mutum ya rame ya koma ƙashi da fata, idanu sun faɗa ciki. Na kasa ƙarasa shinkafar da ke gabana.

Kuma ɗan gida ne fa, ya yi aiki cikin Dakarun Juyin Juya Hali kafin ya kama aikin jarida, ya riƙa tono yadda jami'an leƙen asirin Iran suka kashe ɗan adawa Dariush Forouhar da matarsa da wasu marubuta a 1998. Daga 2000 zuwa 2006 yana ɗaure. Abin da ke ba ni mamaki, ya fi kowa sanin abin da za su yi masa, amma ya rubuta.